Sinimar gidan Baba: hoto ya gyaru, saura ƙofar baya

Washegarin Ƙaramar Sallah, da na je gida gaishe da tsofaffi, ƙanena ya ja ni gidan kallon da ke bayan tsohuwar tashar garinmu. Rabona da wurin ya fi shekara 20. Na ɗauka tuni an mai da shi rumbun siminti ko ɗakin taron biki kamar sauran 'yan uwansa. Ashe yana nan, kuma har yau a hannun gida ɗaya yake.

Mai wurin, wanda kowa ke kira Baba, ba ya ko shiga ciki yanzu. Kujerarsa na bakin ƙofa, carbi a hannu. Babban ɗansa ke kula da na'ura, jikansa ke yankar tikiti, zoɓon da ke cikin kula kuwa daga cikin gida ake dafo shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ƙura mini ido ya ce, "Kai ba kana cikin masu hawa mini katanga ba?" Na ce, "Baba, a yafe mana, ƙuruciya ce." Ya ce sai na biya kuɗin baya. Naira 500 ne tikiti, na biya na mutum biyu, ya ce mun rabu lafiya.

Da yake da sauran lokaci, na zauna gefensa yana ba ni labari. A Kano ya koyi sana'ar yana saurayi, wajen Kwarori, wato 'yan Lebanon, don su ne suka kafa gidajen sinimar farko a can, kuma gado ce a wurinsu, uba ya bar wa ɗa. Rex ce ta fara a 1937, can wajen ganuwa. Kafin nan abin da talaka ya sani shi ne majigi, motar gwamnati da ke zuwa fili ta haska fim ɗin tsafta da noma kyauta. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952 malamai ba su ji daɗi ba, kuma an daɗe ana yi wa mai zuwa sinima kallon ɗan iska. Baba na lissafo su da yatsa kamar sunayen abokansa: Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba. Aikinsa a lokacin shi ne naɗe faifan fim da ɗaukarsa a keke. Da ya tara ɗan abin hannunsa ya sayi tsohuwar na'ura ya dawo gida, ya kewaye fili da katanga, ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa. Babu rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake farawa, in hadari ya taso kuma kallo ya tashi.

Kaset ɗin bidiyo ne ya karya su. Daga 1990, da aka fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa ya bi mutane har tsakar ɗaki, matan aure waɗanda da ma can ba sa zuwa sinima suka zama manyan 'yan kallo, benci ya koma wayam. Ƙwallon Ingila da ɗansa ya kawo ita ta riƙe gidan.

To, me na tarar a ciki? Hoto dai ba laifi ko kaɗan, na'urar sabuwa ce, har gumin goshin jarumi kana gani. Fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa. Sauti ne ya ɗan ba ni haushi: lasifikar hagu na ƙara kamar an taka gwangwani, duk sanda aka shiga waƙa sai ka ji ta a haƙori. An yi rufin kwano yanzu, ruwa ba ya kore kowa, amma fanka huɗu ba su isa mutum sama da ɗari ba, rigata jiƙe na fito. An ɗauke wuta sau ɗaya, kafin 'yan gaba su gama ihu janareta ya tashi. Abin da ya fi burge ni tarbiyyar wurin. Wani yaro ya kunna taba, jikan Baba bai daka masa tsawa ba, ya dai kira sunan mahaifinsa, nan take ya kashe ta. Wannan ba a samunsa a sinimar manyan kantuna, inda ba wanda ya san gidanku.

Sai da na tashi neman ruwa na ga abin da ya hana ni sakewa har aka tashi. Ƙofar baya a garƙame take da kwaɗo, an jingine mata karyayyun benci, jarkokin fetur biyu na kusa da ita. Ke nan duk jama'ar nan ƙofa ɗaya suke da ita, wadda mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Abin mamaki, Baba da bakinsa ya ba ni labarin gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 a Kano, inda mutum 331 suka rasu, da yawansu a turmutsutsun neman fita. Fim ɗin wancan zamani kamar fetur yake wajen kama wuta. Yanzu babu shi, amma ga fetur ɗin kansa.

Na sami babban ɗan a ɗakin na'ura na ce, "Yaya, ƙofar nan fa?" Ya ce yara ke satar shiga ta nan. Na ce a sa mutum ya tsaya, ai gidan ba a rasa jikoki ba. Ya yi dariya ya ce in sha Allahu za a duba.

Zan koma da Babbar Sallah, don ko hirar Baba kaɗai ta ci naira 500. Amma kusa da ƙofa zan zauna, kuma yarana ba za su taka wurin ba sai na ga kwaɗon nan a buɗe.