Abin da ya kamata a saya kafin gasa nankatai a gida

Nankatai biskit ne na gargajiya na ƙasar Indiya wanda ake danganta asalinsa da birnin Surat na jihar Gujarat, kuma ba a sa masa ƙwai. Fulawa da sukari da mai da ɗan ƙamshin kadamon (wani kayan ƙamshi mai ƙananan 'ya'ya a cikin kwanso) su ne ginshiƙinsa, don haka ingancin kowane abu da aka saya yana fitowa fili a ɗanɗano. Mai shirin gasa shi a gida zai yi zaɓi a kan mai da gari da abin gashi, kuma a ganina man ne ya fi cancantar a kashe masa kuɗi.

Indiyawa suna yin sa ne da gi, wato man shanu da aka soya har ruwansa ya ƙone aka tace shi. Rashin ruwan nan shi ne ke sa nankatai ya riƙa narkewa a baki kamar gari. Bota kuwa, kusan kashi 80 cikin ɗari ne kawai mai a cikinsa, saura ruwa ne da ɓurɓushin madara, kuma ruwan yana haɗuwa da fulawa ya sa biskit ɗin ya ɗan yi tauri. Akwai kuma banaspati, man tsirrai da aka daskarar a masana'anta, wanda Dalda ya fi shahara a cikinsu a Indiya; yana da araha kuma yana riƙe siffar biskit a lokacin zafi, amma ba shi da ƙamshin da ake nema. Ana samun gi na gwangwani irin na Amul a kantunan kayan abincin Indiya, sai dai wanda ke da amintaccen mai sayar da man shanu ba ya buƙatar sa. Sharaɗin kawai shi ne a sayi ɗanye a soya da kai, domin soyayyen da ake sayarwa sau da yawa an jefa masa albasa, ƙamshinta kuwa ba ya tafiya da zaƙi. A bar shi ya huce ya ɗan daskare kafin a buga shi da sukari.

A wajen gari, haɗin da aka saba shi ne kofi 1 na fulawa, rabin kofi na besan da cokali 2 na samolina, a kan rabin kofi na mai da rabin kofi na niƙaƙƙen sukari. Besan gari ne na wani irin wake da ake kira cana, shi ne ke ba biskit ɗin launin rawaya da gardi. Garin wakenmu na ƙosai ba ya maye gurbinsa saboda ƙarninsa yana fitowa, don haka in ba a samu besan ba gara a tsaya ga fulawa da samolina. Haka nan citta mai 'ya'ya, duk da dangi ce ga kadamon, ba ta maye gurbinsa domin yajinta ya yi yawa. Sukari na yau da kullum ya isa in an niƙa shi ya yi laushi.

Abin gashi ne mutane suka fi damuwa da shi, alhali nankatai ba ya buƙatar mai tsada. Ƙaramar oben ta lantarki mai dumama sama da ƙasa ita ce ta fi sauƙin sarrafawa, domin ana iya tsayar da ita a digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos na minti 15 zuwa 20, amma amfaninta ya dogara ga tsayuwar wuta, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar gashi man yakan narke biskit ɗin ya baje. Oben mai gas ta kuɓuta daga wannan matsala, sai dai yawanci wutarta daga ƙasa take, don haka a ɗora faranti a tsakiya a riƙa duba gindin biskit ɗin. Hanya ta uku ita ce tukunya mai kauri da aka zuba wa gishiri ko yashi a ƙasa, aka ɗora ƙarfe sannan faranti, kamar yadda ake gasa kek a gidajenmu. Iyalai da yawa a Indiya haka suke yi, wasu da tukunyar matsin tururi bayan sun cire robar murfi da usur ɗinta, kuma a tsohon birnin Delhi masu sayar da shi a kan kurar turawa har yanzu da gawayi suke gasa shi a bakin titi.

Wanda zai riƙa yi don sayarwa ya kamata ya sayi oben mai gas tare da ɗan ma'aunin zafi na cikin oben. Mai yi don shan shayi na iyali kuwa tukunya da gishiri sun wadatar da shi, kuɗin da ya rage ya sa a man shanu mai kyau da kadamon na kwanso, wanda zai daka a ranar da zai yi gashin.