Zaman dangin masu shaye-shaye: abin da na gani cikin wata takwas

Wata takwas ke nan ina shiga wani zaman tallafi na dangin masu fama da shaye-shaye. Ta Zoom ake yi, duk ranar Laraba da daddare, awa ɗaya. Ƙanena ne ya faɗa shan tramadol. Kafin in san da wannan zama na yi kusan shekara uku ina lalube aljihunsa, ina ƙirga ƙwayoyin da na tsinta a ƙarƙashin katifa, ina shirga wa iyayenmu ƙarya don in rufa masa asiri.

Kyauta ne, kuma ba a tambayar kowa cikakken suna. Wadda ba ta son a ga fuskarta sai ta rufe kyamara, ni ma haka na yi har sati shida. Tsarin da suke bi irin na Al-Anon ne, ƙungiyar tallafa wa dangin mashaya giya da aka kafa a Amurka a 1951. Cikin waɗanda suka assasa ta akwai Lois Wilson, matar Bill Wilson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya giya masu taimakon juna su daina, a 1935. Da na ji wannan tarihi hankalina ya kwanta, domin macen da ta zauna da mashayi ta san inda ke mana ciwo.

Dokarsu ita ce in mutum yana magana ba a katse shi, in ya gama ba a ba shi shawara. Ranar farko abin ya ɓata mini rai. Na zazzage duk abin da ke cikina ina jiran a gaya mini yadda zan raba shi da ƙwaya, sai kawai na ji an ce an gode, wani ya karɓa. A sati na uku wata dattijuwa, wadda ɗanta ya daɗe a cikin wannan hali, ta tsaya bayan an tashi. Ta ce da ni, "'Yata, ba ke kika jawo masa ba, ba ki da ikon hana shi, kuma ba ke za ki warkar da shi ba." Na ce, "Mama, to in zuba masa ido ya mutu?" Ta ce a'a, in tsaya kusa da shi, amma in daina ɗaukar masa kayan da shi ya kamata ya ji nauyinsu. Na kashe makirfo na yi kuka mai isata.

Daga nan na daina biyan bashin da yake ci, na daina kiran wurin aikinsa ina cewa ba shi da lafiya. Na gaya masa duk ranar da ya shirya ganin likita, ko tsakar dare ne, zan raka shi. Sai a wata na biyar ya ce mu je.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: zaman ba asibiti ba ne, su ma suna maimaita hakan. A wurin likita na ji cewa tramadol mai yawa na kawo farfaɗiya, kuma wanda ya daina na ɗan lokaci, in ya koma kan adadin da ya saba sha, jikinsa ba zai ɗauka ba, numfashi na iya tsayawa. Mai shan giya ko diazepam (ƙwayar kwantar da hankali) da yawa kuwa, yankewa farat ɗaya ba kulawar likita na iya zama ajalinsa.

Akwai abin gyara. Wani daren mukan haura mutum talatin, masu dogon zance su cinye lokaci, sababbin zuwa su fita ba su ce uffan ba, su da suka fi kowa buƙatar a saurare su. Kuma da Turanci kawai ake yi, shi ya sa mahaifiyarmu ba ta iya shiga, sai dai in ba ta labari washegari.

Ƙanena ya koma shan ƙwaya sau ɗaya, ya sake tashi. Yau kwanansa 61 bai sha ba. Har yanzu in na ga rigarsa a rataye hannuna kan so ya nufi aljihun, sai in janye. Laraba mai zuwa ni aka ba aikin tarbar sababbin zuwa, kuma na roƙa a ware musu minti goma na farko.