Mai nutsewa ko mai yawo a sama: wanne za ka ɗaura wa tirawut a farkon lokaci?

Ɗan'uwanmu da ke karatu a Leeds ya yi tambaya, ya ce ya sayi 'yar sandar fatsa mai ƙafa 7, yana so ya fara kamun kifin tirawut a ƙananan ƙoramun Yorkshire Dales, wani yanki mai tuddai a arewacin Ingila, da zarar an buɗe lokaci ranar 25 ga Maris, to ya shiga shago ya ga ƙwarin bogi kala-kala cikin akwati har kansa ya ɗaure, wanne zai saya, masu yawo a saman ruwa ko masu nutsewa?

To ƙanina, in dai ɗaya za ka iya saya, sayi mai nutsewa, wato nimf. Dalili kuwa sanyin ruwa ne. A ƙarshen Maris ruwan waɗannan ƙoramu daga kan tudu yake gangarowa, wani lokacin ma da narkakkiyar ƙanƙara a ciki, kuma kifi jikinsa yanayin ruwa yake bi, in ruwa ya yi sanyi shi ma sai ya yi laƙwas. Ga shi tirawut tsakanin Nuwamba da Janairu suke yin ƙwai, saboda haka za ka same su a rame, ba su da ƙarfin da za su ɓata wajen tasowa sama don ƙwaro ɗaya tak. Suna kwance ne a ƙasa, bayan dutse ko a bakin gurbi inda ruwa ya rage gudu, suna jiran abin da ruwa zai kawo musu har baki. Nimf shi ne ke kai abincin har can. Siffar ƙwaro ce tun yana ɗan tsutsa a ƙarƙashin dutse kafin ya yi fiffike, kuma abin da kifin ke ci ke nan kusan duk yini a wannan lokacin.

Iri biyu sun ishe ka. Akwai Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a Wiltshire, ya ƙirƙira da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar tagulla kawai, siriri ne, yana tsaga ruwa ya sauka da sauri kuma ya yi kama da 'ya'yan ƙwaron da ake kira Large Dark Olive sosai. Sai Hare's Ear na gashin kunnen zomo, shi buzu-buzu ne, bai yi kama da wani ƙwaro takamaimai ba amma ya yi kama da komai. Ka nemi lamba 14 da 16, kuma ka lura a ƙugiya duk yadda lamba ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi, 16 ta fi 14 ƙanƙanta. Wasu su zama masu ɗan dutsen ado na tongistan (wani ƙarfe mai nauyi) a kai, milimita 2.5 ko 3, wasu kuma marasa nauyi. Ni a ganina nauyin nan ya fi sunan ƙwaron muhimmanci nesa ba kusa ba, don in nimf ɗinka yana wucewa ta saman kan kifi da taƙi biyu to ko wane ne ya ɗaura shi ba zai taso ba, in kuma ya yi nauyi da yawa kowane jifa sai ya maƙale a dutse. In kana jin yana ɗan taɓa ƙasa jefi-jefi, ka samu daidai.

Matsalar nimf ita ce ba ka ganin cizo. Kifi zai ɗauka ya ji ba abinci ba ne ya tofar kafin ka ankara, sai ka koyi kallon zare, in ya tsaya ko ya ɗan karkace ka ɗaga sanda nan take, ko da rabin lokutan dutse ne. Kuma yana cin kuɗi, don ƙasan ƙorama da saiwoyi sai sun karɓi rabonsu, kada ka sayi ɗai-ɗai, sayi uku-uku.

Mai yawo a sama fa, shi lokacinsa gajere ne amma wallahi in ya zo babu kamarsa. Wajen ƙarfe 11 zuwa 2 na rana, ka ce dai kafin azahar da ɗan bayanta, ruwa kan ɗan yi ɗumi sai Large Dark Olive ɗin nan su fara fitowa suna zama a kan ruwa suna busar da fiffike, kamar yadda shinge ke ɓullowa bayan ruwan farko, ba su daɗewa, wani lokacin rabin awa an gama. Abin mamaki sun fi fitowa ranar da gari ya yi lumshi ana ɗan yayyafi, kuma sanyin kan sa su daɗe a kan ruwa ba su tashi ba, shi ya sa kifi ke samun damar tasowa a natse. Da ka ga zobe a kan ruwa a wuri ɗaya sau biyu, yanke nimf ka ɗaura na sama. Parachute Adams lamba 14 ko 16 ya wadatar, toka-toka ne, yana da farin tsiro a bayansa da za ka iya hangowa ko a inuwar bishiyoyi. Ko F-Fly na Marjan Fratnik ɗan Slobeniya, da ake yi da lallausan gashin agwagwa mai maiƙo, kifi na son sa ƙwarai, sai dai da zarar ya kama kifi ɗaya ya jiƙe sai ka wanke ka busar, kuma da hannu mai sanyi aikin ba daɗi. Amfanin na sama ga mai koyo shi ne komai a idonka yake faruwa, ka ga inda ya sauka, ka ga in zare na jan sa yana barin layi a ruwa, wanda shi ne babban abin da ke korar kifi. Amma in ka ɗaura shi tun ƙarfe 8 na safe a watan Maris za ka yini kana jifa a banza, kada ka ce ƙoramar ba kifi.

Za a ce maka ka sayi March Brown tunda sunan watan ne. Shi wannan ƙwaro ya fi fitowa a manyan koguna masu duwatsu irin su Ure da Tees da Tweed, a 'yar ƙoramar da za ka iya tsallakewa ba lalle ka gan shi ba, to bar shi tukuna.

Abin da nake ba ka shawara ka fara da shi shi ne haɗa biyun a zare ɗaya. Ka ɗaura Klinkhamer lamba 12 ko 14, wanda Hans van Klinken ɗan Holan ya fara yi a Norwe a 1984, shi jikinsa na rataye a cikin ruwa kansa kuma na sama, yana da ƙarfin ɗaukar ɗan nauyi. Sai ka ƙulla siririn zare kamar santimita 40 zuwa 60 a lanƙwasar ƙugiyarsa, ka sa ƙaramin nimf a ƙarshe. Klinkhamer ya zama maka alama, in ya nutse ka ɗaga, in kuma kifi ya ga dama ya taso masa shi kansa falillahil hamdu. Tsawon zaren ƙasa ka riƙa canza shi gwargwadon zurfin wurin, mutane da yawa na barin tsawo ɗaya tun safe har yamma, alhali gurbi da mazurari ba zurfinsu ɗaya ba. Illarsa ita ce harɗewa, musamman in akwai iska ko rassa sun rufe ƙoramar, saboda haka jifanka ya zama gajere kuma a hankali.

Tunda Yorkshire kake, ba zan bar ƙwarin bogin da ake kira gizo-gizon arewacin Ingila ba, don nan ne gidansu. Zaren siliki ne kawai da ɗan lallausan gashin tsuntsu zagaye ɗaya ko biyu, ba sa yawo a sama ba sa kuma kai wa ƙasa, suna tafiya ne ɗan ƙasa da fuskar ruwa, kamar ƙwaron da ya kasa fitowa ko ya nutse. Waterhen Bloa na gashin kazar ruwa da rawayan zare shi ne na lokacin Olive, Partridge and Orange kuma ya fi dacewa da ruwa mai duwatsu. Ranar da ka ga ƙwari na fitowa amma kifi na juyi ne a ƙasa-ƙasa ba ya fasa ruwa, su ne maganin. Ka jefa su sama da kai ka bar ruwa ya dawo da su, sanda a ɗage.

In ruwan sama ya sauka ƙorama ta yi kalar shayi, koma kan nimf baƙi mai nauyi ka bi gefe-gefe inda ruwa ya lafa. Zuwa ƙarshen Afrilu kuma ka ƙara baƙin ƙwaro mai dogayen ƙafafu, Hawthorn, don iska na kaɗo su daga ciyayi su faɗa ruwa, daga nan ne na sama zai fara karɓe ragama.

Kafin ka ɗaura komai dai, ɗaga dutse biyu-uku a bakin ruwa ka duba abin da ke manne a ƙasansu, girmansu da kalarsu, sannan ka mayar da dutsen yadda ka same shi. Ka matse ƙayar ƙugiya da filaya don sakin kifi ya zo da sauƙi, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ramammu ne yanzu, ba su jure wahala. Kuma don Allah kada ka taka wurin tsakuwa mai tsabta a wutsiyar gurbi, a Maris da farkon Afrilu 'ya'yan kifi na iya kasancewa a ciki har yanzu, ka yi jifa daga gaɓa in zai yiwu. Lasisin sanda na hukumar muhalli, wato Environment Agency, wajibi ne a Ingila daga shekara 13, tarar rashinsa na iya kai wa fam 2,500, kuma shi kaɗai bai ba ka izinin shiga ruwa ba, sai ka sayi tikitin yini daga kulob ko mai filin da ƙoramar ta ratsa.