Baƙin mai: 20W-50 ko 5W-30, wanne injinka ke so?

Da yawanmu idan lokacin juye ya yi, kuɗi kawai muke miƙa wa makanike, shi kuma ya aiki yaro ya sayo 20W-50, wai zafin ƙasarmu sai mai kauri. A zamanin Fijo 504 maganar tana kan hanya. Injunan yanzu kuwa cutarsu take yi.

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara lambobin nan. Ta farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya kwana ya huce: ƙanƙantarta, saurin isarsa ko'ina da an murza makulli. Ta biyu kaurinsa ne a zafin digiri 100. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya idan inji ya ɗauki zafi, a tashin safe suke rabuwa, musamman da hunturu.

20W-50 ya fi araha, kuma ko a ƙauye za ka same shi. Ya dace da tsohon inji da ƙarafansa suka saki, wanda ya fara shan mai. Amma ka zuba shi a Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda kamfanin Toyota ya rubuta wa 5W-30, ka takura mata. Injinta, mai tsarin da ake kira VVT-i, da matsin mai yake sarrafa bawul, ta wasu ƙananan kafofi, mai kauri kuwa ba ya ratsa su da wuri. Ga ƙarin shan fetur. Sabbin Corolla da Camry ma 0W-20 ko wanda bai kai shi kauri ba suke nema, tsadarsa akwai ciwo, amma ba ta kai tsadar sauke inji ba.

Idan motar ta kwana biyu, ka ga 5W-30 yana raguwa kafin juye, ni 10W-40 zan gwada kafin in tsallaka zuwa 50. Manyan motocin dizal galibi 15W-40 ne nasu. Mai babur ya nemi tambarin JASO MA, domin kulocinsa a cikin man yake wanka.

Kafin ka biya, duba murfin da ake zuba man, sau da yawa lambar tana jiki, in babu ka buɗe littafin motar. Ka sayi galan a rufe da hatiminsa, a buɗe shi a gabanka. Na awo a kwalba a bakin titi, ko an rantse maka, bar shi.