Sharhi: Akwatin Gem Na Katako Da Na Haɗa, Da Abin Da Ya Ci Mini A Kwamfuta

Idan wasanninka ƙwallo ne da tseren mota, wannan sharhin ba naka ba ne, hannun PlayStation ɗinka ya ishe ka. Da masu wasan faɗa nake: Street Fighter, Tekken, King of Fighters da 'yan uwansu. Waɗannan wasanni tun asali ba don babban yatsa aka yi su ba. An yi su ne don dogayen akwatunan gidajen gem na Japan da Amurka, inda mutum zai jefa kwabo, hannun hagu a kan sanda, yatsun dama a baje kan manyan madannai. Street Fighter II da Capcom ya fitar a 1991 madannai shida gare shi, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Tekken na Namco da ya zo a 1994 huɗu ne, kowane hannu da kowace ƙafa da nata. Da aka mayar da su kan hannun gem na gida sai babban yatsa guda ya koma yana aikin yatsu uku, sauran madannan kuma aka tura su can sama wajen manuniya.

Akwati mai sanda da madannai na kanti akwai shi, kuma mai kyau ne, amma in ka haɗa farashinsa da kuɗin dakonsa da yadda dala take, sai ka ajiye maganar. Shi ya sa na yi odar irin kayan nan da ake sayarwa a leda ɗaya mutum ya haɗa da kansa. Sanda ɗaya ce, manyan madannai takwas masu faɗin milimita 30, ƙanana biyu masu 24, wayoyi, kebul na USB, da ɗan fanel ɗin lantarki da ke kai saƙon madannai ga kwamfuta, wanda ake kira Zero Delay. Babu sunan kamfani a jikin komai. Abin da ya fi burge ni a kayan shi ne ba ka bukatar dalma ko kaɗan, kowace waya da bakinta, tura ta kawai za ka yi. Ina jona shi Windows ta gane shi, ban sauke komai ba.

Wahalar tana wajen akwatin. Na buga takardar tsarin madannai irin na akwatunan Vewlix na kamfanin Taito, wanda layin ya ɗan lanƙwasa ya bi tsayin yatsu, na kai wa kafintan unguwarmu. Ya juya takardar, ya dube ni, ya ce, "Malam, wai duk wannan aikin na wasan yara ne?" Na ce masa na manya ne. Ya ce to Allah ya shirya, ya ɗauko awo.

Ga abin da masu sayar da kayan ba sa rubutawa. Madannan da ke cikin ledar irin masu kunne biyu ne a gefe, ka tura su cikin rami su ɗame da kansu. Kunnuwan nan ba sa kama abin da ya wuce kaurin milimita 3 zuwa 4, shi kuwa katakon da kafinta zai ɗauko maka ya kai 18. In ka huda shi ka saka, madannin zai zauna amma ba abin da ya riƙe shi, da ka danna gefe sai ya yi tsalle. Yadda muka yi shi ne, ya huda katakon da ramuka masu faɗi, sannan na je wajen masu allon talla aka yanko mini filastik mai kaurin 3, aka huda shi daidai 30 aka ɗaure a kai. Filastik ɗin ne ke riƙe madannan, katakon yana ba shi ƙarfi daga ƙasa. Ita ma sandar sai da aka sassaƙe katakon ta ciki kafin ta fito da tsayin da ya dace, in ba haka ba rabin wuyanta ya nutse. Wanda ba ya son wannan zirga-zirgar ya nemi madannai masu noti, waɗanda ake ɗaurewa ta ƙasa. Kuma kada ka bari a yi maka akwati marar nauyi don wai ya yi kyau. Nauyi ake so. A cinya za ka ɗora shi, in ba shi da nauyi duk lokacin da ka ja sanda shi ma zai biyo ta. Na liƙa masa tsohuwar shimfiɗar linzamin kwamfuta a gindi, ya daina zamewa.

Yanzu ga kayan ledar su kansu. Suna aiki, ba zan yi musu ƙazafi ba. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai ji daɗinsu. Amma sandar sako-sako take, sai ka tura ta da nisa kafin makunnin ciki ya amsa, kuma kusurwa ba kullum take shiga ba. A wasan faɗa kusurwa ita ce rai. Jifan wutar Ryu na Street Fighter ƙasa ne, ƙasa-gaba, gaba, sai naushi. In ƙasa-gaban nan ta faɗi a hanya, maimakon wuta sai ka ga ya kai naushin banza a iska, abokin wasanka kuma ya dire a kanka. Madannan suna da tauri, sai ka sa ƙarfi. Da hunturu ya shigo da ƙurarsa ɗaya daga cikinsu ya fara liƙewa a ƙasa, na buɗe na goge ya dawo, bayan ɗan lokaci ya sake.

Daga nan na sayi sandar JLF ta kamfanin Sanwa Denshi na Japan, wadda ita ce a yawancin akwatunan gidajen gem na can, da madannansu OBSF-30 guda shida. A nan kuɗin ya tafi, kuma a nan na ga amfaninsa. Sandar tana da laushi amma ba ta lilo. Makunnan Omron huɗu ne a cikinta, kana jin ƙarar kowanne a tafin hannunka, ƙyas, ƙyas, har ka san lokacin da biyu suka shiga tare, wato ka sami kusurwa. Madannan kuwa ko ɗora yatsa ka yi da ɗan nauyi sun amsa. Da farko har sai da na koyi ɗage yatsuna, don ina hutar da su a kai sai in ga mutumina ya kai shuri ba da izinina ba. Bayan hannu ya saba, komawa kan na ledar kamar wanda ya saba da sabon babur ne aka ba shi mai tsohon kuloci.

Abin da zai ba sabon shiga mamaki a JLF shi ne farantin da ke ƙarƙashinta, wanda ke iyakance yawon sandar. Raminsa murabba'i ne, ba da'ira ba. In ka yi ƙoƙarin zagayawa da ita ta bin bango sai ka ji tana cin karo da lungu. Mutane da yawa a nan suke gaggawar sayen faranti mai kusurwa takwas, shi ma Sanwa na yin sa, kuma cire wancan a saka wannan bai fi minti biyu ba. Ni dai shawarata a yi haƙuri da murabba'in. Lungun nan da ke ba ka haushi shi ne wurin zaman tsaro: ƙasa-baya, inda kake durƙushe kana kare kai, inda mai wasa da Guile na Street Fighter yake ajiye sanda yana tara ƙarfi. Hannunka zai same shi ido a rufe. Shi kuma zagayen, da ka daina kai sanda har bango ka koma motsa ta da wuyan hannu kaɗan-kaɗan, matsalar ta wuce. A kula da jabu dai, sun cika kasuwar intanet. In ka ga JLF a farashin da ya yi daidai da na ledar gaba ɗaya, ba ita ba ce.

Ga Tekken labarin ya ɗan bambanta. 'Yan Koriya da yawa sun fi son tasu sandar, mai roba a ciki maimakon sifirin, saboda tana saurin komawa tsakiya, kuma takun baya na Tekken yana son haka. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka sai da kayan tsada ake ƙwarewa. Arslan Ash, gwanin Tekken, a gidajen gem na Lahore ya taso, kusan ba wanda ya san da 'yan Pakistan a harkar, ya je ya cinye manyan gasannin wasan faɗa, EVO Japan da EVO ta Amurka, duka a 2019. Mortal Kombat kuwa, tunda shi da madanni ake kare kai ba da ja baya ba, ban ga wani fifikon da akwatin ya ba ni a kansa ba. Ɗan yayata da hannun gem yake lallasa ni, yana cewa, "Kawu, ko in ara maka nawa?"

Sai fanel. Sunansa yana cewa babu jinkiri, amma suna ne kawai. Wasan faɗa yana tafiya ne a hoto 60 cikin daƙiƙa, wato kowane hoto kusan milisakan 16.7, kuma akwai haɗin dukan da tazararsa hoto ɗaya ko biyu ce. Duk da haka ba jinkirin ne ya fi damuna ba. Kwamfuta tana ganin fanel ɗin a matsayin wani hannun gem na gama-gari, sababbin wasanni kuma hannun Xbox suke nema. A cikin Steam, manhajar saye da kunna wasannin kwamfuta, za ka iya zama ka nuna masa kowane madanni, ya yi aiki. Wajen Steam kuwa kowane wasa da rigimarsa. Na maye gurbinsa da Raspberry Pi Pico, ɗan fanel ɗin da ya fito a 2021 a kan dala 4, na ɗora masa manhajar GP2040-CE wadda kyauta ce. Ɗorawar ba wuya: ka danne madannin BOOTSEL da ke jikinsa, ka jona USB, zai fito kamar filas, ka jefa fayil ɗin ciki, shi ke nan. Daga nan kwamfuta hannun Xbox take gani, jinkirinsa kuma bai kai milisakan ɗaya ba. Shi yana bukatar dalma, na kai wa mai gyaran waya ya liƙa mini wayoyin ina nuna masa lambobin. Ban ji wani bambancin sauri a hannuna ba in zan faɗi gaskiya, amma na huta da saiti. Mai niyyar jona shi a PS4 ko PS5 ya sani akwai tantancewar da Sony ke yi wa hannun gem, sai an ƙara wani abu a kai.

Kwamfutar tawa tokumbo ce, irin ƙananan na ofis, Core i5 na zubi na shida, RAM 8, da tsohon had dis mai juyawa. Tsofaffin wasanni ba su nemi komai ba. Manhajojin kunna wasannin tsofaffin akwatunan gem, MAME, wadda tun 1997 ake raya ta, da Fightcade, suna tafiya sumul ba tare da katin hoto ba. Wanda burinsa King of Fighters '98 ko Street Fighter III: Third Strike ne kada ya kashe ko sisi a kwamfuta. Tekken 7 ne ya tilasta mini buɗe ta. Irin wannan ƙaramin gida ba kowane kati yake ɗauka ba. Sai siriri, kuma sai wanda ba ya neman wayar wuta ta daban, don abin ba da wutar da ke ciki ƙarami ne. GTX 1050 Ti mai 4GB ya dace, wat 75 da yake ci daga ramin da aka soka shi yake ja. Da shi Tekken 7 ya tsaya a 60 ba ya motsi. Tekken 8 na 2024 kuwa wannan katin shi ne mafi ƙarancin abin da suka rubuta, ga gigabait 100 da yake nema, sai an sauke komai ƙasa kafin ya tafi, hoton ya dusashe. Street Fighter 6 ma GTX 1060 suka rubuta masa.

SSD, ma'ajiyar da ta fi had dis mai juyawa sauri, bai ƙara wa wasa sauri ba, amma ya rage zaman jira tsakanin faɗa da faɗa, kuma kwamfutar tana tashi kafin ka gyara zama. A garin da wuta ke zuwa da ƙa'ida wannan ba ƙaramin abu ba ne. RAM na ƙara wani 8 ya zama biyu a jere, amfaninsa a wasan faɗa kaɗan ne, da na sani, shi ne wanda zan jinkirta. Watan Afrilu fankar katin tana kuka sosai, sai na cire murfin gefe na juyo mata fankar ɗaki.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri kyauta ne. Talabijin na zamani yana gyara hoto kafin ya nuna, gyaran nan kuma yana cin lokacin da ya ninka na kowane fanel. Ka shiga saiti ka kunna yanayin gem, ko ka koma kan monita. Mutum zai kashe kuɗi a kan Pico yana neman milisakan biyu, alhali talabijin ɗinsa na cinye masa hotuna uku ko huɗu.

Aibin da ba shi da magani shi ne ƙara. Madannan Sanwa a kan akwatin katako mai rami a ciki, da daddare ana ji har tsakar gida. Uwargida ta kafa doka, bayan ƙarfe goma sai dai hannun gem. Na cusa soso a cikin akwatin, ya rage amsa-kuwwar amma bai kashe ta ba.

Ga wanda zai fara, ledar nan ta cancanci kuɗinta ko don wayoyin da fanel ɗin, kuma da ita za ka gane ko kana son sanda ma tukuna, don akwai waɗanda bayan mako biyu suke komawa inda suka fito. In ka ga za ka zauna, sanda za ka fara canzawa, sai madannai shida na wasa. Ƙananan biyun nan na farawa da tsayarwa ka bar na ledar, ba sa shan duka. JLF da waya mai baki biyar take haɗuwa da fanel, kuma ba kowane mai sayarwa ne yake sako ta a ciki ba, saboda haka ka duba tana cikin odar kafin ka biya.