Fatar da ta saki bayan tiyatar rage ƙiba: abin da ya cancanci kuɗinka da abin da bai cancanta ba

Wanda aka yi wa tiyatar rage jakar ciki, a Tunis ne ko Istanbul ko Alƙahira, yakan dawo Damagaram da lissafi guda a ransa: kilo nawa zai zubar. Da wuya a zaunar da shi a faɗa masa inda fatar da ta yi shekara da shekaru tana ɗauke da wannan nauyi za ta je. Ba inda take zuwa. Mutum ya sauke kilo 40 ko 50, ciwon sukari ya lafa, gwiwa ta huta, sai ga fatar ciki ta zubo ta rufe mara, damtse yana reto da zarar an ɗaga hannu, cinya tana gugar cinya. Daga nan masu talla suke samun ƙofa, kowa da maganinsa.

Abin da ke sa fata ta miƙe ta koma wasu zaruruwa ne a cikinta, kolajin da ilastin. Idan suka daɗe a miƙe sai su tsintsinke, kamar robar tsohon wando da ta mutu: ko ka wanke ko ka shanya ba za ta sake kama ƙugu ba. Matashi ɗan shekara 25 da ƙibarsa ba ta daɗe ba zai iya ganin fatarsa ta ja da baya sosai. Matar da ta haifi shida, ta haura arba'in, ta kuma yi shekara ashirin da teɓa, tata ba za ta koma ba. Shan taba yana ƙara lalata lamarin, gado ma yana da nasa kaso. Duk abin da za a saya, da wannan ma'auni za a duba shi.

A shekarar farko kada ka fitar da kuɗi mai yawa kan fata. Bayan tiyatar rage ciki jiki yakan ci gaba da ramewa har wata 12 zuwa 18, kuma likitocin gyaran jiki ba sa son taɓa mutum sai nauyinsa ya tsaya wuri guda na wata 3 zuwa 6. Wanda ya yi gaggawa aka yanke masa fata a wata na takwas, ya ƙara sauke kilo 15, zai wayi gari da sabuwar fata mai reto a ƙarƙashin tsohon ɗinki.

Mayukan shafawa su ne mafi arha kuma mafi yawan alkawari. Kwalba mai hoton siririyar mace, an rubuta da Faransanci cewa tana ɗaure fata cikin sati huɗu. Babu man da ke ɗage fatar da ta zubo. Iyakar aikinsa ya hana bushewa da ƙaiƙayi, kuma man kaɗe na gaskiya da ake samu a kasuwar Dole yana yin wannan aikin ba tare da an ɓarar da jaka goma ba. Garin kolajin da ake tallatawa a Facebook da TikTok shi ma haka: ciki yana narkar da shi kamar kowane nama, ba ya zarcewa ya liƙe a damtse. Wanda nake jin tsoro shi ne man bilicin da mayukan ƙuraje masu ƙarfi irin waɗanda ke ɗauke da klobetazol ko betametazon. Suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, amma suna sirantar da fata, suna ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa, kuma ranar da za a yi ɗinki fatar da aka sirantar ba ta riƙe zare yadda ya kamata.

Injinan da ke dumama fata da igiyar rediyo ko sauti, waɗanda ake samu a wuraren gyaran jiki na manyan birane, suna ɗan taimakon wanda fatarsa ta ɗan saki a wuya ko haɓa. Ga wanda zai iya kama fatar cikinsa da hannu biyu ya ɗaga, asarar kuɗin mota ce.

Motsa jiki da abinci sun fi su daraja, ko da yake su ma ba sa cinye fata. Tsoka tana cike wani ɓangare na gurbin da kitse ya bari, musamman a kafaɗa da damtse da cinya. Jarka biyu ta ruwa ko bulo sun isa farawa. Abin da ya fi wuya shi ne abinci mai gina jiki, domin cikin da aka rage ba ya ɗaukar da yawa, kuma namu abincin tuwo ne da fura da shinkafa. Ana so mai irin wannan tiyata ya samu giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Dole a fara cin ƙwai, kifi, kindirmo, awara, wake ko nama mai laushi kafin a taɓa tuwo. Fara ma, in lokacinta ne, abinci ce mai kyau. Kilishi yana da furotin sosai, sai dai yana da tauri ga sabon ciki, a tauna shi da kyau. Wannan shi ne tanadin da zai sa ɗinki ya warke in an kai ga wuƙa.

Inda mutanen Damagaram suka fi shan wuya ba a madubi ba ne, a ƙarƙashin ninkin fata ne, lokacin bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, zufa tana taruwa ƙarƙashin ciki da nono da matsematsi, iska ba ta shiga. Wurin ya yi ja, ya jiƙe, ya fara raɗaɗi kamar an zuba barkono, wani lokaci da wari mai tsami da ɗan farin abu a gefe. Wata ƴar'uwarmu da ke Zango ta sha wannan shekara biyu a ɓoye. Ranar da ta nuna wa ƙanwarta, cewa ta yi: «Ke dai kada ki faɗa wa kowa, ko turare na sa sai in ji kamar ana jin warina a sahun salla.» Ƙanwar ta ce: «Haba Yaya, wannan ai ba abin kunya ba ne, ciwo ne, gobe mu je likita.» Maganin bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba: a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗaga fatar a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a tsaya gaban fanka ko a yi fifita har wurin ya bushe ƙarau, sannan a sa tsumman auduga mai laushi a cikin ninkin, a canza shi in ya jiƙe. Man zinki yana kare fata daga guga. In ƙwayar naman gwari ta shiga, klotrimazol ko mikonazol daga farmasi, bayan ma'aikacin lafiya ya duba. Ranar da famfo bai kawo ruwa ba, buta ɗaya ta isa wanke waɗannan wuraren safe da yamma. Idan ja ya fara yaɗuwa, wurin ya yi zafi, ga zazzaɓi, an wuce maganin gida.

Rigar matsi, wadda wasu ke ce wa bel, ita ce sayayyar da na fi ganin amfaninta kafin tiyata. Ba ta gyara fata, tana tallabe ta ne: tafiya ta yi sauƙi, hawan kabu-kabu ya daina zama azaba, kaya su zauna a jiki. A nan ma akwai zaɓi. Masu roba zalla da ke sa zufa, waɗanda ake cewa suna narkar da teɓa, su ne mafi muni a yanayinmu, domin suna dafa ninkin fata. A nemi mai haɗin auduga, mai maɓalli ko ƙugiya a gaba, wadda ta sauko ta tallabi mara daga ƙasa, ba wadda ta tsaya a cibiya tana tura fata ƙasa ba. Guda biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi ɗaya mai tsada, saboda wanki. In ta hana numfashi ko ta kawo ƙwarnafi, ta yi ƙanƙanta. Kuma tunda jiki yana ci gaba da ramewa, tela mai hankali da zai riƙa rage ta ya fi sabuwar oda daga waje kowane wata uku.

Wuƙa kaɗai ke cire fata, kuma ciniki ne: ka ba da fata, a ba ka tabo. Wanda bai yarda da wannan musayar ba kada ya shiga. Ga ciki akwai aiki iri biyu da ake yawan rikitawa. Panikulektomi yanke fatar da ta rufe mara ne kawai, ba a taɓa tsoka, burinsa mutum ya huta da ƙuraje da nauyi. Abdominoplasti ya fi shi nisa: ana ɗaga fatar ciki har zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, a ɗinke tsokar da ta buɗe, a fitar wa cibiya sabon gurbi, tabon ya tashi daga ƙugu zuwa ƙugu. Wanda fatarsa ta yi yawa ta gefe ma, akan ƙara masa ɗinki a tsaye daga ƙirji zuwa mara. In baya da ɗuwawu sun zubo, akwai aikin da ke zagaye ƙugu gaba ɗaya, shi ne mafi girma, mafi zubar da jini, mafi daɗewar jinya. Na damtse yana barin tabo daga hammata zuwa gwiwar hannu. Na cinya shi ya fi saurin buɗewa da ruɓa, saboda wurin danshi ne da guga. Zuƙe kitse da bututu kuwa ba maganin fata ba ne, ƙara mata saki yake yi in aka yi shi shi kaɗai. Mai ƙaba a wurin tsohon ɗinki ya faɗa tun farko, sau da yawa ana gyara ta a aiki ɗaya.

Ra'ayina, ga mafi yawan masu nema a nan, aiki ɗaya a wurin da ya fi damunsu ya ishe su, kuma galibi ciki ne. Tallan da ke cewa za a yi ciki da nono da hannu da cinya a zama ɗaya da rangwame, rangwamen a jikinka za a cire shi: tsawon sa'o'i a ƙarƙashin allurar barci yana ƙara haɗarin zubar jini da daskarewarsa a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu ya kashe mutum.

Mu baƙar fata akwai abin da ya kamata mu duba a jikinmu kafin mu biya ko dala. Dubi hujin kunne, shaidar rigakafi, tsohon ɗinkin haihuwa. In tabon ya tsiro ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, jikinka mai yin keloyid ne, kuma dogon tabo a damtse zai iya zama abin da ya fi fatar damunka. A nuna wa likita, a kuma nemi ya nuna hotunan aikinsa a kan masu irin launinmu, na bayan shekara, ba na bayan sati biyu ba.

Mace mai niyyar ƙara haihuwa ta jinkirta abdominoplasti, domin ciki zai sake buɗe abin da aka ɗinke. Dama ana so ta jira wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar rage ciki kafin ta ɗauki juna biyu. Mai shan taba ya daina aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin aiki. A auna jini: ƙarancin ƙarfe da bitamin B12 ya zama ruwan dare bayan tiyatar rage ciki, ga zazzaɓin cizon sauro da ke ƙara shanye jini a damina. Likitan da ya sa maka rana bai nemi wannan awon ba, nemi wani.

Batun inda za a yi aikin, jama'a suna kwatanta farashi su manta da komowa. Bayan aikin ciki mutum yana tafiya a sunkuye kwanaki, da siraran bututu suna fitowa daga mara zuwa ƴan kwalabe da ke tara ruwa ja-ja, ana auna shi ana zubarwa. Wani lokaci bayan an cire su ruwa yakan sake taruwa ƙarƙashin fata sai an zuƙe da allura, ko wani ɗan yanki na ɗinki ya buɗe ya buƙaci wanki na makonni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga waɗanda suka sauke nauyi mai yawa, kuma yakan faru ne bayan an dawo gida. Tsarin kwana biyar a otel da ake tallatawa bai ƙunshi wannan ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, yini guda a kujerar bas, bayan zaman jirgi, daidai lokacin da jini ya fi saurin daskarewa. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, komawa a sake dubawa ya fi sauƙi. Ko ina ka zaɓa, ka fara samun likitan tiyata a nan, a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ko wata kilinik, wanda ya amince zai karɓe ka in ka dawo, kuma ka taho da rahoton aikin a rubuce da Faransanci.

Takardar lissafin kuɗi a karanta ta layi-layi: likitan allurar barci yana ciki? Kwana nawa a asibiti, ba a otel ba? Allurar hana daskarewar jini, rigar matsi ta bayan aiki, ƙarin jini in an buƙata, gyara in ɗinki ya buɗe, wa zai biya? Shin likitan ƙwararren gyaran jiki ne mai rajista a ƙasarsa, kuma shi ne zai riƙe wuƙar? Sai ka ɗora kuɗin ɗan rakiya, da sati 6 da ba za ka ɗauki kaya mai nauyi ba, ba jarka, ba goyo, ba daka.

Lokacin sanyi, Disamba zuwa Janairu, shi ya fi dacewa, domin sati shida cikin rigar matsi dare da rana a watan Afrilu ba ƙaramin abu ba ne ga sabon ɗinki. A kauce wa azumi, jiki yana buƙatar ruwa da abinci kaɗan-kaɗan duk yini. Salla a zaune za a yi a makonnin farko, har likita ya ba da izinin ruku'u da sujada. In ciwo ya tashi, wanda aka yi wa tiyatar karkata hanji, wadda ita ma nau'in tiyatar rage ƙiba ce, kada ya karɓi diklofenak ko ibuprofen daga hannun masu tallan magani a tire, suna iya huda masa gyambo a ciki, ya tsaya kan abin da aka rubuta masa.