Gwajin borin ƙarfe a Ingila: ba kowane ja ne shaida ba

'Yan uwa na gida, ga bayani kan gwajin fata da ake yi a nan Ingila ga masu borin ƙarfe, wato ƙaiƙayi saboda fatarsu ba ta jituwa da ƙarfen ɗan kunne, sarƙa ko kan bel.

Likitan unguwa ne ke tura mutum asibitin fata, yawanci ana zuwa sau uku: Litinin, Laraba da Juma'a. Ranar farko a manna ƙananan faifai a gadon baya da filasta, kowanne da sinadarinsa cikin man basilin: ƙarfen nikel kashi 5 cikin ɗari, ƙarfen kobalt kashi 1, kuromet na siminti rabin kashi. Awa 48 ba jiƙa baya, ba aikin gumi. Laraba a cire, Juma'a a sake dubawa.

Wannan dubawa ta biyu ita ce gwajin. Ja da ya fito ranar Laraba ya dushe kafin Juma'a, sau da yawa sinadarin ne ya ci fatar kawai. Borin gaske ƙaruwa yake yi, wurin ya tasa, ya yi ƙuraje ƙanana masu ƙaiƙayi. Nikel kan fito da ƙuraje masu mugunya a gindin gashi, kobalt kuma ɗigo-ɗigo kamar jini ya kwanta. Duka biyun sau da yawa ba borin gaske ba ne, amma sukan ruɗi wanda bai ƙware ba. Idan baya na da ƙaiƙayi tun kafin gwaji, ko wuri ɗaya ya kumbura sosai, maƙwabtansa sai su taya shi, a ga sakamako biyar alhali ɗaya ne. Maganinsa a jira fatar ta lafa makonni, a sake gwada kowanne shi kaɗai.

A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, dole likita ya shafa da yatsa ya ji tudu. In bai taɓa ba, ku roƙe shi ya taɓa.

Kayan ado kuwa, a nan doka ta ƙayyade nikel da ɗan kunne zai iya saki, siminti ma ana rage masa kuromet. Na kasuwanninmu na gida sau da yawa ba a rubuta komai a jiki, kuromet na siminti kuma yana cikin abin da ke sa birkiloli fama da tsagewar hannu. Akwai ruwan gwaji, DMG: a ɗiga a auduga a goga ƙarfen, in ya koma ruwan hoda to yana sakin nikel. Kafin mace ta rabu da awarwaronta saboda takardar asibiti, ta gwada shi da wannan.